Mu kafa bacha mu shiga, ko mu jira ginin bulo?

Sakatare_Rido ya rubuta:

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni ne sakataren wata ƙaramar ikilisiya a bayan Mararaban Rido, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa shiga irin halinmu, domin maganar ta fara raba kan dattawanmu, kuma ba na jin daɗin yadda murya take tashi a zaman kwamiti kwanan nan.

Tun da uwar ikilisiyarmu ta Sabon Tasha ta sallame mu mu fara sujada a unguwa, a ajin wata makarantar kuɗi muke taruwa. Mai makarantar ya yi mana halacci, bai taɓa karɓar ko sisi ba sai kuɗin shara. Yanzu zai ɗora bene a kan azuzuwan, ya ce bayan Ista zai kware rufin. Ya sanar da mu da wuri, ba mu da abin cewa sai godiya. Dama ajin ya yi mana kaɗan. Ranar jibin Ubangiji muna kaiwa mutum 150 har da yara, rabin jama'a a baranda suke tsayuwa suna jin wa'azi ta taga, tsofaffi kuma a kan bencin 'yan firamare suke takure har a yi albarka.

Muna da fili, ƙafa 100 tsawo 100 faɗi, wanda muka saya a hannun iyalin wani dattijon Gbagyi. Takardar ciniki ce kawai a hannunmu, da sa hannun mai unguwa da shaidu. Ma'aji ya zauna da birkila da kafinta sun buga lissafi, abin da ke asusun gini zai yi ɗayan biyu ne: ko dai ya tsayar mana da bacha ta katako da kwano har da daɓe, ko ya fitar da harsashin majami'ar dindindin daga ƙasa ya tsaya nan. Ba zai yi duka biyun ba. Buhun simintin da muke saye ƙasa da naira dubu uku a 2019, a farkon 2024 sai da ya haura dubu goma, jama'armu kuwa leburori ne da masu gadi da matan da ke sayar da kayan miya, sai 'yan malaman makaranta.

Babban dattijonmu, wanda duk muke kira Baba, ya ƙi bacha ƙememe. Ya ce ɗakin Allah ba shagon mai faci ba ne. Ya ce a ikilisiyar da ya fito an kafa bacha da sunan shekara biyu, ya aurar da 'yarsa a cikinta, aka yi wa jikansa baftisma tana nan tsaye. A ganinsa da zarar mutane sun sami inuwa hannunsu ya yi sanyi ke nan. Shawararsa a zuba harsashi, kafin gini ya tashi a rarraba jama'a gida-gida, ranar jibin Ubangiji a yi hayar rumfar tamfol.

Ba zan ɓoye muku ba, ni zuciyata tana wajen bacha, kuma littafin sunaye ne ya kai ni can, don ni nake riƙe da shi. Lokacin kullen korona a 2020, da aka hana taro a Kaduna, mun yi sujadar gida-gida. Da aka buɗe, akwai iyalan da ba su dawo ba. Ba faɗa aka yi ba, wasu sun saba da wata majami'ar da ta fi kusa, wasu sun saba da zama. Ina duba sunayensu har yau. Ina tsoron idan muka sake watsewa na tsawon damina ɗaya ko biyu, harsashin zai fito amma masu ɗora bulo a kansa sun ragu.

Sai dai maganar Baba tana hana ni barci, domin ni ma na san irin waɗannan bacocin. To waɗanda suka yi, yaya kuka yi bacha ba ta zame muku wurin zama na har abada ba? Kuma a ina ake kafa ta a cikin filin? Wasu a cikinmu suna cewa a tsakiya, daga baya a kewaye ta da ginin bulo ana sujada a ciki. Allah ya sāka da alheri.

Baba_Kafinta_Bukuru ya amsa:

Malam Sakatare, sannu da ɗawainiya. Ni ba mai wa'azi ba ne, guduma da zarto na sani, kuma na rufa majami'u da dama tsakanin Bukuru da Barikin Ladi, manya da ƙanana. A kan aikin zan yi magana.

Tamfol ku cire shi daga lissafi. Rana tana cinye shi, iskar farko ta yaga shi, kuɗin hayar da za ku riƙa biya kuwa da kun tara ya sayi bandir ɗin kwano, shi kuma bandir falle 20 ne, naku ne har abada.

Abokan gabar bacha biyu ne, gara da iska. Gara daga ƙasa take hawa. Kada kafinta ya binne muku katako a rami kai tsaye don a yi sauri, kafin damina biyu za ku tura yatsa ya shige. A zuba kankare a kowane rami, a dasa guntun ƙarfe, a ɗaure ginshiƙin a jikinsa yadda katakon zai ɗaga daga ƙasa kamar taƙi ɗaya. Idan da hali ginshiƙan su zama faif ɗin ƙarfe, mai walda ya haɗa. Duk katakon da zai hau sama, tubaifo da tubaitu, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai tun yana ƙasa, har bakin da aka yanka. Kada ku yarda da ɗanyen katako komai arharsa, yana bushewa yana murɗewa ya ɗaga muku kwano.

Iska kuwa, kun san hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa, Afrilu zuwa Mayu, iskar ta riga ruwan isowa. Kuskuren da na fi gani shi ne a bar gabas a buɗe a toshe yamma. Iska ta shiga ba ta da mafita, sai ta ɗauki rufin gaba ɗaya ta ajiye a gonar wani. Ku toshe gabas, nan ne ma ya dace da bagade. Kudu da arewa ku ɗaga rabin bango, tsayin ƙirji, sama a bar shi iska ta ratsa. Kowace mahaɗa ta katako da ginshiƙi a ɗaure da langalanga, ƙusa kaɗai ba ta riƙewa. Kwanon a buga shi da ƙusa mai hula a kan tudun, ba cikin kwarin da ruwa ke bi ba, layin baki kuma a ninka ƙusoshin.

Ku ba ta tsayi. Bachar da mutum zai miƙa hannu ya taɓa kwano, a watan Maris ba mai iya zama cikinta ƙarfe sha ɗaya na safe. Ƙafa 12 a gefe ba ta yi yawa ba. Ku kuma sani ranar da ruwan Agusta ya sauko a kan kwano marar silin, fasto sai dai ya rufe Littafi a kama waƙa. Idan kuɗin silin bai samu ba, asabari ko zana a ƙarƙashin kwanon yana rage ƙara da zafi, amma a sa wayar wuta cikin faif, kada ta taɓa ciyawa.

Ga jama'arku, ƙafa 30 faɗi 60 tsawo za ta ɗauke ku har da baƙi. Ku ja ta gefe guda ta bi katanga, ku bar wa babban ginin wurinsa. Gobe idan kun tashi ta zama ta makarantar Lahadi da koyon waƙa, ba a yi asarar ƙusa ɗaya ba. Sai ɗan ɗaki guda na bulo mai ƙofar ƙarfe, na ajiyar janareto da sifika da ganguna. Wannan kada ku bar shi sai daga baya.

Maman_Zumunta_Michika ta amsa:

Ɗana, na karanta maganarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. A Satumbar 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo, muka bar Michika da abin da ke jikinmu, muka bi ta duwatsu. A ƙarshen Oktoba hedkwatarmu ta Kwarhi ma ta faɗa hannunsu, shugabanninmu suka koma Jos da zama. Da muka dawo gida a 2015, majami'armu bango ne kawai tsaye, baƙi ƙirin, ya tsattsage, kwanon ya nannaɗe a ƙasa. Ginin bulo ne mai kyau, wanda iyayenmu suka ɗebo wa yashi a ka.

Lahadin farko a gindin darbejiya muka zauna, kowa da dutsensa. Daga baya maza suka tsinto ƙonannen kwanon suka bubbuge shi ya miƙe, suka sari itace, aka yi rumfa. Idan ana ruwa kana ganin ɗigo ta tsofaffin ramukan ƙusa, sai a matsa gefe. Ban taɓa jin mata sun buga tulu sun yi waƙa kamar a rumfar nan ba, kuma ban ce don rumfa ta fi gini ba ne. Don mun ga fuskokin juna ne, mun ƙirga wanda ya dawo da wanda bai dawo ba. Da an ce kowa ya zauna gidansa sai an yi gini, da yawa cikin gwaurayen mata ba su da inda za su kai kukansu. Saboda haka tsoron da kake ji na watsewa, ni na san gaskiya ne.

Ka gaya wa Babanku cikin ladabi, mu ekklesiyarmu gaba ɗaya a gindin tsamiya ta fara, a Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, kuma a 2023 muka yi bikin cika shekara ɗari. Bai yi kuskure ba da yake kishin ɗakin Allah. Amma kishin nan ana iya nuna shi a rumfa ma. Mu mun sa an keɓe tamu da addu'a kamar kowace majami'a, mun ɗinka farin ƙyalle na tebur, an sa mata ƙyaure don awaki, kowace Asabar rukuni ɗaya na zumuntar mata yana shara yana yayyafa ruwa. Yara suna ganin haka suka daina wasan ƙwallo a ciki ba tare da an daka musu tsawa ba.

Abin da ku maza kuke mantawa a kwamiti shi zan tuna maka. Ku haƙa masai tun kafin ku buga kwano, na mata daban, mai ƙofa. Mace mai ciki ko tsohuwa idan ta san babu inda za ta zaga, ba za ta faɗa maka ba, za ta daina zuwa ne kawai. Ku ajiye randa ko duro. Daɓen nan kada a ce sai an sami kuɗi, ko na jar ƙasa ne a buge shi sosai a ɗaga shi sama da tsakar fili, domin mu masu durƙuso ne, ga masu goyo suna sauke yara su yi rarrafe. A riƙa ɗaga benci ana dubawa saboda kunama.

Abu ɗaya ya yi mana ciwo, gara ka sani tun yanzu. 'Yan matanmu da yawa sun ƙi a ɗaura musu aure a rumfa, suka tafi manyan majami'un gari saboda hoto. Ban ga laifinsu sosai ba. Amma duk amaryar da ta yarda aka yi nata a gida, mu mata muka kwana muna lulluɓe ginshiƙai da zannuwanmu.

Dattijo_Biliri ya amsa:

Ɗan'uwa Sakatare, ni ina bayan Babanku, kuma ina roƙo kada matasa su mai da shi mai taurin kai. Ku buɗe Haggai sura ta fari. Mutanen da suka komo daga Babila cewa suke lokacin gina Haikali bai yi ba, alhali kowa ya rufa gidansa ya gyara. Sarki Dawuda kuma abin da ya dame shi ke nan, shi yana cikin gidan al'ul, akwatin alkawari yana cikin alfarwa. A ƙasarmu ta Tangale na ga bacha ta tsufa har an canza mata kwano, membobinta kuwa a cikin shekarun nan sun gina gidajen haya. Talauci ba shi ne ya hana su ba. Sabo ne.

Idan har kun rinjaye shi, to ku ba shi abin riƙewa. A buɗe wa gini asusu dabam a banki, da sa hannun mutum uku, shi ya zama ɗaya. A keɓe baikon Lahadi ɗaya kowane wata da rabin godiyar kaka, a rubuta cikin littafin taro cewa ba a taɓa kuɗin don sayen kayan kiɗa ko tarbar baƙi. Abin da ya taru kada a bar shi ya kwana a banki naira tana narkewa, a buga bulo a jera inda kowa zai gani yana shigowa sujada.

Mai_Zane_Samaru ta amsa:

Ina gaida iyayena. Ni zanen gine-gine na karanta a Zariya, ina so in ɗan ƙara a kan maganar Baba Kafinta.

Yallaɓai Sakatare, batun a kafa bacha a tsakiya a kewaye ta da gini ana sujada a ciki, don Allah ku bar shi. Na san ana yi, na kuma san wasu sun tsira. Amma ma'anarsa yara suna gudu a ƙarƙashin bangon da bai sami linta ba, ga rodi tsirara, ga katakon sakafol. Ranar ɗora babban rufi kuma sai an ɗaga ƙarfe ta saman kan mutane ko an rushe bachar a gaggauce. Ku tuna majami'ar da ta rufta a Uyo ranar 10 ga Disamba 2016. Ginin bai kammala ba, aka hanzarta aikin don bikin naɗa bishop, ƙarafan rufin suka zubo kan jama'a, mutane da dama suka mutu, gwamnan jihar na lokacin, Udom Emmanuel, yana ciki Allah ya kuɓutar da shi. Wurin aiki dabam, wurin sujada dabam, da shinge a tsakani.

Kafin a haƙa rami ɗaya, a zana filin dukansa a takarda: inda majami'a za ta zauna, gidan fasto, masai, rijiya nesa da masai, hanyar da tifa za ta bi ta sauke yashi. Ƙafa 100 sau 100 ba ta da yawa idan aka cire bacha mai 30 sau 60 da tazarar da doka ke so a bari daga titi da maƙwabta. Idan aka kafa ta da ido kawai, wata rana za a tarar ta ci ƙafa goma daga wurin babban ginin.

Takarda kuma ta fi komai gaggawa. Tun dokar mallakar ƙasa ta 1978, filin birni a hannun gwamna yake, takardar mai unguwa shaidar ciniki ce kawai. A Kaduna KADGIS ke kula da takardun fili, KASUPDA ke ba da izinin gini. Ku je da kanku ku tambayi abin da ake bukata, kada ku ɗauka don abu na wucin gadi ne ba ruwan hukuma da shi. Sunan da zai hau takardar ya zama na amintattun ɗarikarku, ba na fasto ko wani dattijo ba, saboda magada. Ku kuma zauna da maƙwabta, Musulmi da Kirista, a kan lasifika, tunda rabin bango ba ya tare sauti.

Ga Baba Dattijo na Biliri, ina ganin a ɗauka tun farko cewa za ta daɗe, a yi ta da kyau. A Christchurch ta New Zealand girgizar ƙasa ta lalata babbar majami'ar Angilika a Fabrairun 2011. Wani mai zane ɗan Japan, Shigeru Ban, ya yi musu ta wucin gadi da manyan bututun kwali da kwantenoni, mai cin mutum kusan 700, aka buɗe a Agustan 2013. An tsara ta ne ta yi shekara 50, kuma har yanzu ba a koma tsohon ginin ba. A Ingila ma akwai majami'un kwano da aka kakkafa tun ƙarni na 19 da nufin a sauya su, wasunsu suna nan tsaye. Idan masu kuɗi haka ta kasance musu, mu kada mu yi aikin a-shafa-a-gudu muna cewa ai shekara biyu ce.

Sakatare_Rido ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, iyayena da ƙanwata. Mama, na karanta wa matata naki da daddare, ita ce ta ce in gaya miki maganar masai ta fi duk abin da kwamitinmu ya tattauna tun farkon shekara. Allah ya ƙara ta'azantar da ku.

Baba Dattijo, na bi maganarka na buɗe Haggai, daga nan na koma Ezra sura 3 da 4 don in ga mafarin labarin. Abin da na tarar ya ba ni tsoro ta ɗaya gefen. Abin da mutanen nan suka bari ya kwanta shekara da shekaru har Haggai ya tsawata musu, harsashi ne da suka zuba da murna da busa ƙaho. Kuma kafin harsashin, bagade suka fara kafawa suna miƙa hadaya a fili, jama'a a haɗe wuri ɗaya. Ashe harsashi ma yana iya tsufa a cikin ciyawa kamar yadda bacha take tsufa, kuma tsakanin nan da Kujama na san irinsu. Ba don in kayar da Babanmu zan kai masa wannan ba. Gidansa zan je ni kaɗai kafin zaman Asabar, mu karanta tare, in kuma roƙe shi ya riƙe asusun ginin kamar yadda ka ce. Idan ya ga bulo yana taruwa a hannunsa, ina sa rai zai sa mana albarka.

Batun tsakiyar fili na janye shi daga takardar da zan gabatar. Ranar Litinin ni da ma'aji za mu shiga gari neman bayanin takardu, kuma zan nemi fasto ya rubuta wa uwar ikilisiya a kan sunan amintattu.

Baba Kafinta, saura tambaya ɗaya. Filin namu yana gangarowa ne daga gabas, ruwan unguwa ta nan yake bi ya wuce rafi, kuma gefen katangar da ya fi dacewa da bachar shi ne mafi kwari. Mu cike shi da marmara mu ɗaga daɓen, ko mu haƙa lambatu ta bayan bangon gabas tukuna? Ma'aji ya ce idan za a yi duka biyun, sai dai silin ya jira baɗi.